Ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aibi, 1987-2024: tarihin matsalar da yadda ta shafi ƙasar Arewa

Gabatarwa

Idan kwamfuta ta tsaya cak ana cikin aiki, ko ta mutu ta sake tashi da kanta, a ƙasarmu akwai waɗanda aka saba ɗora wa laifi: wutar lantarki, zafi, ƙura, ko cutar nan da ake kira birus. In duk waɗannan sun kuɓuta, sai a ce hannun mai aiki ne. Da wuya a ji wani ya tuhumi ƙwaƙwalwar na'urar, wato ɗan guntun da ke yin dukkan lissafi, domin an ɗauka cewa shi ba ya kuskure. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Wannan takarda tana bin tarihin ƙwaƙwalwa mai aibi daga 1987 zuwa 2024. Akasarin abubuwan da za mu ambata a Amurka suka faru, domin can ne ake zana waɗannan kayayyaki. Amma ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutar magatakarda a Dogondutsi ko Tibiri daga waɗannan kamfanonin ta fito. Saboda haka, bayan mun bi tarihin, za mu juyo ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke Dallol Mawri cikin jahar Doso, mu duba yadda abin ya shafe ta. Ra'ayin da muke karewa shi ne: aibin ƙwaƙwalwa yakan bayyana ne ga wanda ke da abin da zai gwada amsarta da shi, kuma diyya takan isa ne ga wanda ke da takardar saye da muryar da za a ji. Wurin da ya rasa waɗannan biyu dole ya nemi tasa hanyar tantancewa.

1. Ma'anar kalmomi

Abin da Faransanci ke kira processeur, shi muke kira ƙwaƙwalwa a nan. An gina ta da ƙananan makunnai da ake kira taransista. Ƙwaƙwalwar 4004 da kamfanin Intel ya fitar a 1971 tana da taransista 2300. Pentium ta 1993 tana da miliyan 3 da ɗoriya. Na yanzu kuwa ana lissafinsu da biliyoyi. Babu masana'antar da ke iya gwada kowane hali da irin wannan abu zai iya shiga kafin ta kai shi kasuwa.

Ya kamata mu rarrabe aibi iri uku. Akwai aibin zane, wanda ke cikin tsarin tun daga takarda, don haka kowace ƙwaƙwalwa ta wannan samfuri tana ɗauke da shi. Akwai aibin ƙira, wanda ke samun wasu ɗaiɗaiku a masana'anta ya bar sauran. Akwai kuma aibin tsufa, inda ƙwaƙwalwar ta fito lafiya amma zafi da ƙarfin wuta suka cinye ta a hankali. Ta fuskar sakamako kuwa, hanya biyu ce: ko dai na'urar ta maƙale kowa ya gani, ko ta ci gaba da aiki tana ba da amsa marar daidai ba tare da wata alama ba. Wannan na biyu shi muke kira kuskuren ɓoye.

2. Zamanin kuskuren lissafi

2.1. Ƙwaƙwalwar 80386

A 1985 Intel ya fitar da 80386, ta farko mai bit 32 a zuriyar ƙwaƙwalen da ke cikin kwamfutocin ofis. A 1987 aka bayyana cewa wasu daga cikin na farko-farko suna kuskure wajen ninka manyan lambobi. Ba duka ke da aibin ba, sai aka riƙa gwada su. Wadda ta ci jarrabawa aka buga mata alamar sigma biyu. Wadda ta faɗi aka buga mata rubutun da ke cewa ta dace da manhaja mai bit 16 kawai, aka kuma ci gaba da sayar da ita, tun da yawancin manhajojin lokacin masu bit 16 ne. Abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne, kaya mai aibi bai cika zuwa juji ba. Yakan ci gaba da zagayawa daga hannu zuwa hannu, kuma mai saye na uku ko na huɗu ba lalle ya san ma'anar tambarin ba.

2.2. Pentium da malamin lissafi

Abin da ya fi shahara a wannan tarihi ya faru ne a 1994. Thomas Nicely, malamin lissafi a kwalejin Lynchburg ta jihar Virginia, yana bincike kan lambobin da ba su rabuwa sai da 1 ko da kansu, musamman tagwayensu, kamar 11 da 13 ko 17 da 19. Aikin yana buƙatar raba 1 da kowace lamba, sa'an nan a tara sakamakon. Yana da kwamfutoci da dama masu tsohuwar ƙwaƙwalwa, ya ƙara wata mai Pentium. A watan Yuni ya ga amsoshi sun saɓa. Ya yi watanni yana tuhumar manhajarsa da sauran sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, sai a watan Oktoba ya tabbatar da cewa Pentium ce ke kuskure wajen raba 1 da 824633702441. Ya sanar da Intel ranar 24 ga Oktoba, ya kuma aika wa abokan aiki wasiƙa ranar 30 ga wata.

Asalin aibin ƙarami ne. Don ta yi rabawa da sauri, Pentium tana duba wani jadawali da aka ƙera a cikinta, kamar yadda ɗalibi ke duba jadawalin sau. Gurbi 1066 ya kamata a cike, sai biyar daga cikin waɗanda lissafi ke iya faɗawa aka bar su da sifiri maimakon 2. Misalin da ya bazu a lokacin shi ne raba 4195835 da 3145727: amsar gaskiya ta fara da 1,333820, Pentium mai aibi kuwa tana ba da 1,333739. In aka ninka amsar da 3145727 aka ɗebe daga 4195835, ya kamata a sami sifiri, amma ita sai ta ba da 256. Na'urar ba ta maƙalewa, ba ta kuma yin gargaɗi.

Daga baya ya bayyana cewa injiniyoyin Intel sun riga sun gano aibin a cikin wannan shekara, sun gyara zanen don na gaba, ba su sanar da jama'a ba. Da magana ta fito, kamfanin ya ce rabawa ɗaya ce cikin biliyan 9 za ta faɗa ramin, wanda ke aikin ofis na yau da kullum zai gamu da shi sau ɗaya cikin shekara dubu 27. Ya ce zai canza ƙwaƙwalwa ga wanda ya nuna cewa aikinsa na buƙatar cikakken daidaito kawai. Kamfanin IBM ya yi nasa lissafi ya ce abin na iya faruwa kowane kwana 24, ya kuma dakatar da fitar da kwamfutocinsa masu Pentium ranar 12 ga Disamba. Ranar 20 ga Disamba Intel ya nemi afuwa, ya yarda ya canza wa duk wanda ya nema. A watan Janairu 1995 ya bayyana cewa abin ya ci masa dalar Amurka miliyan 475.

Tazarar da ke tsakanin shekara dubu 27 da kwana 24 ta isa a tsaya kanta. Kowane ɓangare ya gina lissafinsa kan zaton da ya yi game da mai amfani: rabawa nawa yake yi a yini, da irin lambobin da yake rabawa. Gardamar ta koma kan wane ne ke da ikon yanke cewa wane yana buƙatar amsar gaskiya, wane kuma ba ya buƙata. Masu saye a Amurka sun ci wannan gardama domin suna da jaridu, da talbijin, da intanet wadda ta fara bazuwa a lokacin, da kuma babban ɗan kasuwa kamar IBM da ya shigar musu faɗa.

Abu biyu suka canza bayan wannan. Intel ya fara buga jerin aibobin da aka gano a kowane samfuri don kowa ya karanta. Kuma daga Pentium Pro ta 1995 aka buɗe hanyar sabunta ƙananan umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ta yadda za a iya toshe wasu ramuka ba tare da an cire ta ba.

3. Zamanin maƙalewa

A watan Nuwamba 1997 aka bayyana cewa wani gajeren umarni, wanda ya fara da F0 0F, yana daskarar da Pentium gaba ɗaya, sai an kashe na'urar an sake kunnawa. Masu tsara manhajojin sarrafa kwamfuta ne suka kewaye matsalar. A ƙarshen Yuli 2000, ana tsakiyar tseren sauri da kamfanin AMD, Intel ya fitar da Pentium III mai gudun 1,13 GHz. Masu gwaji masu zaman kansu suka nuna cewa tana faɗuwa idan an ba ta aiki mai nauyi, kafin wata guda aka janye ta daga kasuwa. A 2007 AMD ma ya gamu da nasa a ƙwaƙwalwar Phenom ta farko, inda maganin da aka bayar ya rage saurin na'ura. Ke nan matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Tana tafe ne da gaggawar kai kaya kasuwa.

4. Kuskuren ɓoye da aibin tsufa

4.1. Shaidar manyan ma'ajiyai

Ƙwaƙwalwar zamani tana da sassa da yawa masu lissafi kowane da kansa. Faransanci na ce musu cœurs, mu ma za mu ce zukata. A 2021 injiniyoyin Facebook da na Google, kowane rukuni daban, suka buga abin da suka gani a ma'ajiyansu masu dubban kwamfutoci. Na Google sun ce ana samun ƴan zukata kaɗan masu kuskure cikin kowane dubban na'urori, kuma wasu ba su fara kuskuren sai sun daɗe suna aiki. Na Facebook sun ba da misali: wata zuciya ɗaya, idan an ce ta ninka 1,1 da kanta sau 53, sai ta ba da sifiri maimakon 156, alhali in sau 52 ne tana ba da amsa daidai. Da wannan lissafi ake auna girman fayil, sai manhajar ta ɗauka fayil ɗin fanko ne ta tsallake shi, bayanai suka riƙa ɓacewa ba a san dalili ba. Waɗannan kamfanoni sun kama ɓarawon ne saboda suna da dubban na'urori masu aiki iri ɗaya da za a gwada juna da su.

4.2. Zuriya ta 13 da ta 14

Misali mafi kusa da mu shi ne na ƙwaƙwalen Intel Core zuriya ta 13, da suka fito a 2022, da ta 14, da suka fito a 2023. Masu wasannin kwamfuta suka fara kukan cewa na'urorinsu na mutuwa, saƙon da ke fitowa kuwa yana cewa ma'ajiyar katin hoto ce ta cika. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. A watan Afrilu 2024 kamfanin Nvidia, mai yin katin hoto, ya shaida wa masu wannan kuka su tuntuɓi Intel. An kuma tuhumi masu ƙera allon da ƙwaƙwalwa ke zama a kai, cewa suna sakar mata wuta fiye da kima. A watan Yuli Intel ya amsa cewa umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar da kansa yana neman ƙarfin wuta fiye da yadda ya dace. A watan Satumba ya bayyana cewa wannan wuta da zafi suna tsofar da sashen agogon da ke daidaita bugun aiki, ta yadda ƙwaƙwalwar ke ƙara buƙatar wuta kafin ta tsaya daidai, har ta kai ga kasawa. An fitar da sabon umarni don kare waɗanda ba su lalace ba, amma wadda ta riga ta lalace ba ta gyaruwa. Ba a janye su daga kasuwa ba. An dai ƙara shekara 2 kan garanti.

In muka jera 1994 da 2024, za mu ga matakai iri ɗaya: mai amfani ya ga alama, a tuhumi wani abu dabam, a ce abin bai kai ya kawo ba, sa'an nan a amsa bayan surutu ya yi yawa. Bambancin shi ne, aibin 1994 ana iya gano shi da rabawa ɗaya, na 2024 kuwa yana girma ne da lokaci, kuma zafi na ƙara masa gudu.

5. Ƙasar Arewa a ƙarshen zaren

Tun 2011 tsohuwar gundumar Dogondutsi ta rabu biyu, Dogondutsi da Tibiri. Ƙidayar 2012 ta ba ta farko mutum fiye da dubu 370, ta biyu kimanin dubu 270. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, garuruwa kamar Matankari, Ɗankasari, Dumega da Kore Mai Ruwa sun sami magajin gari da ofishinsa. Rajistar haihuwa, makin ɗalibai, ƙididdigar asibiti da lissafin haraji suna ƙara komawa kan kwamfuta, a nisan kilomita kusan 270 daga Yamai. Muna ganin abubuwa uku da suka sa tarihin da muka bi ya fi nauyi a irin wannan wuri.

Na farko, waɗanda aka saba tuhuma masu laifi ne na gaske, don haka suna rufa wa ƙwaƙwalwa asiri. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Dallol Mawri. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da hanyoyin iska. Wuta kuwa tana da nata tarihin: tun 1976 yammacin Nijar ke samun lantarki ta layin Birnin Kebbi, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke shi a watan Agusta 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can yake zuwa, sai a watan Maris 2024 aka maido shi. Wanda ya saba da haka, in na'ura ta mutu ba zai nemi dalili na huɗu ba. Ga shi kuma zafin da ke ɓoye aibin tsufa shi ne ke hanzarta shi.

Na biyu, hanyar da kaya ke bi. Kwamfutoci da yawa da ke shigowa yankinmu na hannu ne, sun sauka a tashoshin ruwa na Legas, Kwatano ko Lome bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas kowane wata, kuma har kashi 75 cikin ɗari na iya zama marasa amfani. Na'urar da ta bi wannan hanya ta rabu da takardar saye. Ƙarin garantin da aka bayar a 2024 yana da wa'adi, yana kuma buƙatar hanyar mayar da kaya. Kafin waɗannan ƙwaƙwalen su gangaro kasuwar gwanjo, wa'adin na iya ƙarewa, aibin kuwa yana nan. Sabon umarnin da ke kare su ma sai an sauko da shi an saka, aikin da ke buƙatar intanet da gwani da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiya ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci a ganinmu, rashin abin gwadawa. Nicely ya gano aibin Pentium ne domin yana da tsofaffin na'urori da suka ba da wata amsa dabam. Ofishin da ke da kwamfuta ɗaya tak ba shi da wannan dama. In ta canza lamba ɗaya cikin shekarar haihuwar yaro, ko cikin matsakaicin makin ɗalibi, ko cikin jimillar waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a wata, takardar za ta fito da tsabta, a buga mata hatimi, ta hau zuwa Doso da Yamai. Irin wannan kuskure ba ya da yawa, kuma kuskuren hannun mai shigar da bayani ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai maganinsu ɗaya ne, kuma shi ne batun sashe na gaba.

6. Muƙabala

Al'adar karatu ta ƙasar Hausa ta san wannan matsala tun kafin zuwan na'ura. Mai kwafar littafi da hannu yakan tsallake layi ko ya canza harafi ba da niyya ba, kuma kwafin yakan fito da kyan gani. Malamai ba su dogara da kyan rubutu ba. Sai an yi muƙabala, wato a karanta kwafi ana bin asali, a gyara a gefe. Duk wanda ya yi aiki a sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda Bubu Hama ya aza harsashin tarinsa, ya ga alamun wannan aiki a gefen takardu. Abin da Nicely ya yi a 1994 muƙabala ce, haka ma abin da Google ya yi a 2021.

Daga nan muke fitar da shawarwari huɗu, waɗanda ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗaya, duk lissafin da hukunci zai hau kansa, kamar jimillar ƙidaya ko sakamakon jarrabawa, a maimaita shi a na'ura ta biyu wadda samfurinta ya bambanta, ko a ɗauki wani yanki a bi shi da hannu. Biyu, kada a yar da rajistar takarda don an shigar da bayani cikin kwamfuta. Ita ce asalin da za a koma wa. Uku, kowane ofis ya ajiye littafin da ake rubuta ranar da na'ura ta maƙale, da sa'a, da aikin da take yi, da halin wuta. In maƙalewar tana bin ɗaukewar wuta ko tsakar rana, an san inda za a duba. In kuwa tana bin wani aiki guda ko da sanyin safiya, kuma tana ƙaruwa wata bayan wata, to a fara tuhumar cikin na'urar. Huɗu, wajen saye a rubuta samfurin ƙwaƙwalwa a takarda, a duba jerin aibobin da masana'anta ta buga, a kuma gwada na'urar da aiki mai nauyi na sa'o'i kafin a biya.

Wannan ya shafi masu bincike kai tsaye. Hirarrakin da ake ɗauka a Lugu, Bagaji ko Matankari kan tarihin Arawa yanzu a fayil suke zama, ana kwafarsu daga na'ura zuwa na'ura. Akwai manhajojin kyauta da ke ba kowane fayil wata lambar shaida, wadda ke canzawa in ko bit ɗaya ya canza. Ya dace ajiye wannan lamba tare da fayil ya zama ƙa'ida a sashenmu, kamar yadda rubuta sunan wuri da ranar hira ya zama ƙa'ida.

Kammalawa

Mun ga cewa daga 1987 zuwa 2024 ƙwaƙwalwa mai aibi ta sha fitowa kasuwa, ta hanyar zane, ƙira ko tsufa. Cewa sau da yawa mai amfani ne ya tona ta ta hanyar gwada amsa biyu. Kuma cewa diyya ta tsaya wurin masu saye na farko. Mun kuma nuna dalilan da suka sa zafi, wuta da kasuwar kayan hannu ke ɓoye wannan aibi a Dogondutsi da Tibiri. Aikin da muke ba ɗaliban digiri shawarar ɗauka shi ne su zauna da masu gyaran kwamfuta da magatakardan ƙananan hukumomi goma na gundumomin biyu, su rubuta samfurin na'urori, da hanyar da suka bi suka zo, da irin lalacewar da aka fi gani, da kalmomin da ake kiran ta da su a Hausar Arewa. Littattafan maƙalewa da muka ambata a sashe na 6, in an ajiye su shekara biyu ko uku, za su zama tushen wannan bincike.